Ɗigon Fenti Goma Sha Huɗu

Ranar da aka kawo babur ɗin, kowa girmansa yake kallo, ni kuwa wasu ɗige-ɗige na tsaya kallo. A kan kowane noti na injin an ɗiga fenti rawaya, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, rabi a kan notin, rabi a kan ƙarfen da ya riƙe. Na durƙusa na ƙirga, goma sha huɗu. Na daɗe ina tunanin mutumin da aikinsa ke nan a can inda aka ƙera babur ɗin, yana zaune da ɗan buroshi tun safe har yamma yana ɗiga wa notuna fenti. Ko yana da 'ya'ya? Ko ya taɓa tunanin inda ɗigonsa ke zuwa?

Wanda ya kawo shi daga shago ya ga na ƙura ido, ya ce, "Baba, wannan hatimin kamfani ne. Muddin ɗigon nan bai tsage ba, duk abin da ya sami injin a wuyansu yake. Ranar da sifana ta juya noti ɗaya, sun zare hannunsu."

Babur ɗin na surukina ne, mijin autata. Awon filaye yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Safiyo. Ba irin baburan da ake zirga-zirga da su a gari ba ne. Na doguwar tafiya ne, baƙi wuluk, da gilashi a gaba mai tare iska, da akwatuna biyu a gefe, da kujerar baya mai majingini. Saboda wannan kujera ya saye shi. Auta ba ta iya mota, ko warinta ta ji sai amai, kuma shekara uku ke nan ba ta je ta gaida uwar mijinta ba, wadda ke can bayan duwatsu, tafiyar kwana biyu. Tsohuwar ta fara aiko da magana mai ƙaya. Aka sa ranar Asabar.

Na san hanyar, na taɓa binta da ƙuruciya a bayan motar kaya. In ka gama hawan dutsen, akwai gangare mai lanƙwasa bakwai, a ƙarshensa wata siririyar gada, ruwa can ƙasa. Abin da na fi tunawa shi ne tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashinmu, muna ganin bayansu.

Ƙofar gidansu ƙarama ce, don haka a tsohon shagona ake ajiye babur ɗin, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara arba'in na yi a shagon nan ina gyaran sikeli. Yanzu ba abin da ya rage sai faranti biyu da duwatsun awo a kan kanta, sai kuma idona, wanda in ya kalli mutum ya san nauyinsa ko ban so ba.

Da komai ya tafi daidai in ba don Tela ba. Tela abokin Safiyo ne tun suna yara, garinsu ɗaya, kuma shi ma ya sayi irin babur ɗin sak, wata biyu kafin nan. Sai dai ya kai nasa wurin wani bakanike da ake ce wa Kunne, aka buɗe injin aka yi masa ƙari. Tun daga nan, in sun fita tare da yamma, Tela ke fara dawowa. Ya kafe babur a ƙofar shagona, ya cire hular kwano, ya zauna yana jira.

"Safiyo, sannu da hanya," ya ce wata yamma. "Na jira ka a mahaɗa har na kusa gama riga ɗaya. Ranar Asabar in zo da igiya ne in ja ku?"

"Gaggawa aikin shaiɗan," in ji Safiyo.

"Shi ma shaiɗan ya riga ka isowa."

Safiyo ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin da ke tara abu a ciki. Da Tela ya tafi, ya tsaya yana goge tanki da hannun riga, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Baba, injin nan a ɗaure yake. An ce kamfani ne ke ɗaure su da gangan. Da mu biyu da kaya, hawan dutsen nan sai ya yi nishi."

"Nishi ba mutuwa ba ne," na ce.

Ya ci gaba da goge tankin.

Ranar Talata da hantsi Auta ta kawo min shayi, ta zauna a kan kanta kusa da duwatsun awo, kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Ta ɗauki na rabin kilo tana juya shi a hannu.

"Gobe zai kai shi wurin Kunne, Baba."

"Ya faɗa miki?"

"Ya faɗa wa madubi yana aski, ni kuma ina bayansa. Na yi magana, ya ce me na sani a inji. Gaskiyarsa, ban sani ba. Amma ni ce zan zauna a baya." Ta ajiye dutsen. "Kai yana jin kunyarka. Ka bi shi mana."

Garejin Kunne yana bayan gari, inda gidaje suka ƙare aka fara filayen da aka yanka ba a gina ba. Washegari Safiyo ya tafi a babur, ni na shiga motar haya, don ban taɓa hawa bayan surukina ba kuma ban yi niyyar farawa ba. Rumfar kwano ce doguwa, ƙasanta baƙi ƙirin da tsohon baƙin mai. Abin da ya fara ɗauke min ido bango ne. An kafa kusoshi layi-layi, a kan kowace kusa an rataye fistan ɗaya na cikin inji da waya, a ƙarƙashinta an rubuta laƙabin mai shi da alli. Duk sababbi ne, suna ƙyalli. In iska ta shigo sai su riƙa taɓa juna suna wani ɗan sauti, kamar cokula a gidan da ba kowa.

"Na kamfani ne, waɗanda na cire," in ji Kunne. "Duk wanda ya so a mayar masa da nasa, ga shi nan a rataye. Har yau ba a yi wanda ya so ba."

Na dube shi. Ɗan siriri ne, wuyansa kamar na tulu, kilo arba'in da takwas har da sifanar da ke aljihunsa. Ya sa Safiyo ya tada injin, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfe, ya manna ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Ni kaina sai da na riƙe numfashi.

"Kuka yake yi," ya ce. "Doki ne aka sa wa dabaibayi. Zan faɗaɗa ramin fistan, in sa babba, in sauya salansa, in buɗe masa hanyar mai. Jibi da yamma ka zo ka ɗauka. In Tela ya sake ganin fitilarka ta gaba, ka zo ka tsinka min mari."

Tela yana wurin, ya kawo nasa a ɗan daidaita masa kafin tafiya, don shi ma ranar Asabar zai kai ɗinkunan mutane garinsu. Ya ce, "Nuna masa, Kunne. Nuna wa Baba ma, ya ga zamani."

A bayan rumfar akwai wata tsohuwar kwalta da aka shimfiɗa don unguwar da ba a gina ba. Miƙaƙƙiya ce sambal, da turakun lantarki marasa waya a gefe, a ƙarshenta wani ƙaton tudun yashi da magina suka jibge suka tafi suka bari. Kunne ya hau babur ɗin Tela, ba hula, da silifas. Ƙarar da ta tashi sai da na ji ta a haƙorana. Kafin in gyara tsayuwa ya zama ɗan ɗigo a can. Sai ƙarar ta yanke, ɗigon ya hau yashi, ya tsaya a tsakiyar tudun. Ya juyo da shi ya dawo a hankali yana murmushi.

Idon Safiyo ya sauya. Na san wannan ido, na gan shi a fuskar mutane da yawa a kasuwa, lokacin da sun riga sun saya a zuci, baki ne kawai bai faɗa ba.

Suka koma rumfa suna magana, ni kuma na bi kwaltar da sandata. Ba wani dalili, hanya marar gidaje tana ja na. Ina tafe ina kallon ƙasa, ƙadangaru na gudu a gabana, har na kai turken ƙarshe kafin na gane abin da ke damuna. Hanyar da aka gwada babura ɗari a kanta, babu baƙin layin taya ko ɗaya. Fes take, kamar ba a taɓa taka birki a kanta ba.

A jikin tudun kuwa sawu ne birjik, kamar kunyoyin gona. Na ƙasa sun tsufa, ciyawa ta fito a cikinsu. Sababbin sun fi hawa sama. Ɗaya kuma, mai zurfi, ya miƙe har ƙoli bai tsaya ba. Na hau da ƙyar, yashi na cika min takalmi. A bayan tudun rami ne, inda aka taɓa haƙar dutse, ruwa kore a kwance a ƙasansa ko motsi ba ya yi. A kan wani dutse a bakin ruwan, rabin madubin babur na kallon sama. Na ga gajimare ya ratsa ta cikinsa.

Da na dawo, na tarar Kunne ya riga ya kafa sabuwar kusa a ƙarshen layi, yana rubuta SAFIYO a ƙarƙashinta.

"Ɗana," na ce masa, "sawun nan da ya haura tudu, na wane ne?"

Bai juyo ba. "Wani mai ƙiba ne, ya ce lallai shi zai gwada da kansa."

"Yana ina?"

"Yana nan da ransa. Katin waya yake sayarwa a bakin asibiti." Ya busa allin da ke yatsunsa. "A zaune."

"In ka ƙara wa inji, me kake ƙara wa birki?"

Tela ya fashe da dariya. Kunne ya ce, "Baba, ni inji na sani. Birki akwai masu yi a bakin kasuwa. Ni ko taɓa shi ba na yi, yashi ya ishe ni."

"A hanyar da za su bi babu yashi."

"Baba," in ji Safiyo a hankali, kansa a ƙasa. Wato in yi shiru ke nan, cikin ladabi.

Da ba Auta ce za ta zauna a baya ba, da na yi shirun. Na ce, "Ni jahili ne a wannan fanni, aji uku na yi aka cire ni. Amma a sikeli, in ka ƙara a wannan faranti ba ka ƙara a wancan ba, ƙasa yake yi. Shi wannan bawan Allah kilo arba'in da takwas ne. Kai tamanin da biyar. Matarka sittin. Kayanku ba za su gaza talatin ba. Bai taɓa gwada abin da za ka hau ba. A gwada a gabana, in ya so ka yi abin da ka ga dama."

"Ina za mu samo sittin?" in ji Tela. "Ko a aika a kira amarya?"

"Ni sittin da ɗaya ne," na ce.

Tun da Safiyo ya auri 'yata, ban da musafaha jikina bai taɓa taɓa nasa ba, ko a tabarma ɗaya ba ma zama. Ya sunkuyar da kai. Amma bai ce a'a ba.

Aka sa tsofaffin baturan mota biyu a cikin akwatunan. Na koma ƙarshen kwalta na ja layi da sandata, taku goma kafin yashi, na ce nan ce gada. Sharaɗi ɗaya: a tashi daga rumfa, a murɗa totur har ƙarshe, a taka birki a turke na biyun ƙarshe.

Da na Safiyo muka fara. Tela ya kifa min hularsa, tana warin man gashi. Na hau, na rasa inda zan sa hannu, daga bisani na kama rigar surukina ta gefe da yatsu biyu-biyu. Muka tashi. Iska ta cika min riga. A turken ya taka, gabana ya bugi bayansa, babur ɗin ya durƙusa kamar raƙumi, ya tsaya. Na leƙa. Tsakaninmu da layin akwai tsawon tabarma biyu.

Aka mayar da baturan kan na Tela.

Wannan karon ban kama riga ba, ban san lokacin da na rungume Safiyo ba. Turakun suka riƙa wucewa kamar haƙoran mataji. Wani abu ya zo min a rai wanda ba shi da alaƙa da komai, wai ban rufe tagar shago ba. Na ji ya taka a inda aka ce, na ji duk jikinsa ya sandare, tayar baya ta yi kururuwa tana wutsil-wutsil, warin ƙonannen roba ya shigo cikin hular. Layina ya wuce ta ƙarƙashinmu kamar ba a ja shi ba. Muka faɗa yashi, muka hau, muka wuce tsofaffin sawu, muka wuce sababbi. Babur ɗin ya yi ta haƙa yana tafiya, yana haƙa yana tafiya, har ya gaji ya kwanta da mu a gefe ɗaya.

Injin ya mutu. Ina kwance, ƙafata ɗaya a ƙarƙashin akwati, bakina cike da yashi. Tayar gaba tana juyawa ita kaɗai a kan iska, a bakin ƙoli. Ta tsakanin wayoyinta ina hango koren ruwan.

Safiyo ya ɗaga babur ɗin daga kaina da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya durƙusa yana karkaɗe min riga, yana ta cewa, "Sannu Baba, sannu Baba." Sai ya daina. Ya kalli kujerar baya, ya kalli ramin, ya daɗe.

Da ƙafa muka dawo, yana tura babur ɗin, ina ɗingishi a bayansa. A kan kwaltar yanzu akwai baƙin layi ɗaya, dogo, a karkace.

"Tsoho ne ya yi maka nauyi," in ji Tela, yana duba fentin akwatinsa. "Kuma ka makara wajen takawa. Ni da hannu ɗaya nake tsayar da shi."

Safiyo ya nufi nasa babur ɗin. A nan muka ga sifana maƙale a kan notin farko.

"Ɗan taɓawa kawai na yi, don kada a ɓata lokaci," in ji Kunne.

Na durƙusa. Ɗigon ya rabu biyu, rabin da ke kan notin ya gusa da faɗin farce.

"Mayar da shi," in ji Safiyo.

"Ai an riga an..."

"Mayar da shi yadda ka same shi."

Kunne ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaure notin har rabi biyun suka haɗu, amma tsagar tana nan kamar gashi. Safiyo ya ce ya cire kusar ma. Kunne ya kalli bangon ya ce, "Bar ta, ba ta cin abinci. Ba kai ne na farko da ya tsorata ya tafi ba. Wata uku, wata shida. In Tela ya wuce ka sau ɗari, za ka tuna hanya."

Ranar Asabar da sassafe na fito na tsaya a ƙofar shago. Auta ta sa hular kwano a kan ɗankwali, ta yi kama da wata halitta ta cikin ruwa. Na durƙusa kamar mai gyara takalmi na ƙirga, goma sha uku lafiyayyu, ɗaya mai tsaga. Suna fita titi Tela ya zo ya wuce su, ƙunshin ɗinki a ɗaure a bayansa har ya fi kansa tsawo, ya ɗaga musu hannu bai waiwayo ba. Na ga wuyan hannun Safiyo ya motsa a kan totur. Auta ta ƙwanƙwasa masa hula da yatsa, sau biyu. Hannun ya koma.

Ranar nan da washegari ban iya zama ba. Na goge duwatsun awo, na sake goge su. Sai bayan la'asar ta Lahadi waya ta yi ƙara.

"Mun iso, Baba." Muryarta ƙasa-ƙasa, ina jin hayaniyar mata a bayanta. "Hawan ya yi nishi, har wata motar itace ta wuce mu. Gangaren kuma a giya ta biyu muka sauko, kamar masu rakiyar gawa."

"Alhamdu lillahi. Tela fa?"

"A gada muka same shi, yana zaune a kan dutse, ba takalmi. Babur ɗin yana ƙasa cikin ruwa. Rigunan mutane duk sun watse a kan itatuwan gangaren, Baba, kala-kala, kamar an yi shanya. An kai shi asibiti. Sun ce zai tashi. Hannun dama ne ba su ce komai a kai ba tukuna."

Bayan sati biyu suka dawo lafiya. Ran da na je duba Tela, a hanyar dawowa na sa mai mota ya sauke ni a bayan gari. Kunne yana durƙushe gaban wani sabon babur ja, sukudireba a kunne, ido a lumshe, mai babur ɗin na tsaye yana murmushi. Fistan ɗin Tela na rataye a inda yake. An yi ruwa a makon, feshi ya wanke rubutun layin ƙasa, amma wani ya bi sunan Safiyo ya sake rubuta shi da sabon alli.

Ban faɗa wa Auta ba. Safiyo bai sake tada maganar ba, sai dai na lura in an wuce shi a titi yakan yi shiru har a gama cin abinci. Makullin shago a wurina yake. Kullum da safe, kafin ya zo ɗauka, nakan buɗe taga don haske, in durƙusa a gefen injin da sandata, in fara daga mai tsagar.